Karatu ya ci karo da ƙarshen fayil, baƙo yana ganin kuskure a sektocin ƙarshe

Ɗan Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce a kan virtio-blk, faifan da ake ba VM, wato kwamfutar kwaikwayo da muke kira baƙo. Ina rubuta ƙaramin shiri na vhost-user-blk da C, wanda zai riƙa ba VM faifai daga fayil na raw. Mai masaukin, wato kwamfutar da VM ɗin ke gudana a kanta, Linux ne, fayil ɗin yana kan ext4, an buɗe shi da O_DIRECT, wato ba ta ma'ajiyar shafuka ta kanel ba, karatu da rubutu kuma ta libaio suke bi, wato io_submit da io_getevents. Nan gaba ina so in mayar da shi io_uring.

Ko'ina a faifan lafiya lau, sai can ƙarshe. Da zarar baƙo ya tashi, udev da blkid suka leƙa ƙarshen faifai neman alamar RAID, sai wannan ya fito a dmesg ɗinsa:

`I/O error, dev vdb, sector 8388600 op 0x0:(READ)`

Tsawon fayil ɗin, yadda `stat -c %s` ya nuna, bayit 4,294,967,295 ne. Na raba da 512, girman sekta ɗaya, na zagaye sama, na sanar wa baƙo sekta 8,388,608. Baƙo ya nemi bayit 4096 daga sekta 8,388,600, `res`, wato sakamakon karatun, ya dawo da 4095. Sharaɗin da ke cikin shirin shi ne duk inda `res` bai yi daidai da abin da aka nema ba, a mayar da VIRTIO_BLK_S_IOERR. Idan kuma na sa a sake neman bayit ɗayan da ya rage, `res` sifili yake dawowa, shirin ya yi ta juyawa ba ya fita.

Wannan fayil ɗin dai, idan na ba QEMU, shirin da ke tafiyar da VM, shi kai tsaye da `-drive`, wancan kuskuren ba ya fitowa. To me QEMU yake yi a nan? Kuma duk guntun karatu yana nufin an kai ƙarshen fayil ne? Ko dai in zagaye ƙasa in jefar da sektar ƙarshe kowa ya huta? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Marwa

Wa alaikumus salam, Malam. 4095 ɗin nan amsa ce daidai, kanel ya ba ka duk abin da ke cikin fayil ɗin. Matsalar ita ce kana tsaye tsakanin ƙa'idoji biyu da ba su san juna ba. A wajen fayil, ƙa'idar POSIX ta yarda karatu ya dawo da ƙasa da abin da aka nema, idan kuma aka fara daga ƙarshe ko bayansa ya dawo da sifili, kuma ba a kiran ko ɗaya kuskure. A wajen faifai babu rabin sekta. A virtio-blk bayit ɗaya ne na sakamako, 0 an yi, 1 kuskure, 2 ba a san umarnin ba. Babu wurin da za ka rubuta cewa an karanta amma saura bayit ɗaya. Tunda kai ka ce wa baƙo sekta 8,388,607 tana nan, dole ka ba shi ita cikakkiya.

Abin da QEMU yake yi shi ne ya cike ragowar da sifili, ya ce an yi. Shi ma yana zagaye tsawon fayil sama zuwa 512 kamar yadda ka yi. Hanyoyinsa uku duk sun haɗu a wannan. A `aio=threads`, cikin block/file-posix.c, ana ta kiran pread har sai an cika ko an sami sifili, sannan a share abin da ya rage da iov_memset. A `aio=native`, cikin block/linux-aio.c, duk guntun karatu ana ɗaukarsa ƙarshen fayil ne nan take, a cike da qemu_iovec_memset. A `aio=io_uring` akwai ɗan bambanci, sai an sake nema tukuna. Cikewa da sifilin ta shiga hanyoyi biyu na farko tun 2011, lokacin da ake mayar da karatun qcow2, tsarin fayil ɗin faifai na QEMU, daga hanyar jira zuwa hanyar AIO, domin tsohuwar hanyar tana ba da sifili a bayan ƙarshen fayil, sabuwar kuma tana cewa kuskure.

Kada ka ce tunda bayit ɗaya ne, bari kawai ka mayar da 0 ka bar bafa, wato wurin ƙwaƙwalwar da ake zuba karatun, yadda take. Idan kai tsaye kake karantawa cikin ƙwaƙwalwar baƙo, abin da ke wurin tun da shi zai zama abin da ke kan faifai a ganinsa, yau wani abu gobe wani, sha256sum na faifan ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Wanda ya fi muni shi ne idan buƙatar ta bi ta bafar wucin gadi, wadda kake warewa saboda adireshin baƙo bai cika sharaɗin O_DIRECT ba. A nan ragowar ƙwaƙwalwar shirinka ce za ka kwafa wa baƙo, kuma idan shiri ɗaya ke hidimar VM da yawa, yana iya zama bayanan wani ne. Da fayil mai saura bayit 500 a sektar ƙarshe, bayit 500 ne na mai masauki suke fita duk karatu.

Cikewar ta bi iovec, wato jerin gutsattsarin bafa, ɗaya bayan ɗaya, domin buƙata ɗaya tana iya zuwa a gutsattsare:

```
size_t tsallake = an_karanta;
for (int i = 0; i < n; i++) {
    if (tsallake >= iov[i].iov_len) {
        tsallake -= iov[i].iov_len;
        continue;
    }
    memset((char *)iov[i].iov_base + tsallake, 0,
           iov[i].iov_len - tsallake);
    tsallake = 0;
}
```

Abubuwa biyu da suke yawan tafiya tare da wannan. A libaio.h, `res` na io_event `unsigned long` ne, saboda haka `if (ev.res < 0)` ba zai taɓa zama gaskiya ba. Ka mayar da shi `long` kafin ka gwada, in ba haka ba -EIO zai zo maka a matsayin wata ƙatuwar lamba. Na biyu, tsawon da kake rubutawa a zoben used, inda ake sanar da baƙo an gama buƙata, ya zama cikakke, 4096 da bayit ɗaya na sakamako, wato 4097, ba 4095 ba. Da wannan tsawon ake yi wa shafuka alamar an taɓa su lokacin ƙaurar VM yana kan aiki. Idan ka rage shi, sifilin da ka rubuta a wani shafi na daban ba zai bi baƙo zuwa sabon masauki ba.

Kuma ka raba wannan da buƙatar da ta wuce girman da ka sanar. Idan sekta da tsawon da aka nema sun haura 8,388,608, ko tsawon bai rabu da 512 ba, IOERR ne tun kafin ka taɓa fayil. Ka yi lissafin ta ragi, `sekta > jimla || adadi > jimla - sekta`, don kada baƙo mai mugun nufi ya ba ka lambar da tarawa za ta zagayo.

Zagayewa ƙasa ma hanya ce, ba laifi ba ce. Na'urar loop ta Linux haka take yi, Firecracker ma haka, har yana gargaɗin cewa baƙo ba zai ga ragowar ba. Tana da sauƙi, amma za ka ɓoye bayit 511 na gaskiya, kuma fayil ɗaya zai nuna girma biyu, ɗaya a QEMU ɗaya a shirinka. Tunda da QEMU za ka yi aiki, ni dai na fi son ka bi lissafinsa.

Mai KVM, Njamena

Injiniya ya gama da tambaya ta ɗaya da ta uku. Ta biyun ce nake so a tsaya a kanta, domin Malam ya ce zai koma io_uring, kuma a can ne dabarar linux-aio.c take cutarwa idan aka kwafe ta yadda take.

A'a, guntun karatu ba kullum ƙarshen fayil ba ne. Abin da ke tabbatar da ƙarshe shi ne sifili, ko kuma ka auna da tsawon fayil ka ga ka kai. Linux ba ya karanta fiye da bayit 2,147,479,552 a kira ɗaya. Karatun da ke bi ta ma'ajiyar shafuka yana iya tsayawa a tsakiya. Idan kashin farko ya karantu na biyu ya ci karo da lalatacciyar sekta, kanel yana iya ba ka adadin da ya samu, kuskuren sai a kira na gaba zai bayyana. FUSE da fayilolin da ke kan rezo, wato hanyar sadarwa, suna da nasu halin. An kuma ga btrfs yana mayar da guntun karatu da O_DIRECT ta io_uring a tsakiyar fayil. Duk wanda ya cike waɗannan da sifili ya ba baƙo sifili a madadin bayanansa, da sakamakon 0 a kai, ba ko layi ɗaya a dmesg.

Shi ya sa block/io_uring.c yake haka: `res` ya fi sifili amma bai cika ba, a sake tura ragowar. `res` sifili, a cike. -EINTR ko -EAGAIN, a sake tura buƙatar yadda take. Amma ita sake turawar ma tana da ramin da QEMU kansa ya faɗa. Tun da hanyar ta shigo a QEMU 5.0 a 2020, aikin luring_resubmit_short_read yana rubuta `off = nread` a inda ya kamata ya rubuta `off += nread`, sai a 2022 aka gyara. Ka duba abin da hakan ke nufi da lambobi. Baƙo ya nemi KiB 64 daga bayit 1,073,741,824, kanel ya kawo 16,384. Ya kamata ci gaban ya fara daga 1,073,758,208. Da wancan layin, daga bayit 16,384 na farkon fayil yake ɗebowa ya liƙa a baya. Adadi ya cika, sakamako 0, bayanai na wani wuri ne dabam. Kuskuren ya daɗe bai fito ba domin a ext4 da XFS da wuya a bi ta wannan reshen.

To idan za ka rubuta naka, kowace buƙata ta riƙe abu uku: wurin farawa na asali, jimlar da aka karanta zuwa yanzu, da iovec na asali wanda ba a taɓa shi. Duk sake turawa, ka gina sabon jerin iovec daga na asali ka tsallake jimlar, wurin farawa kuma ya zama na asali a tara da jimlar. Kada ka gyara na asalin a wurinsa, za ka buƙace shi wajen cikewa da wajen mayar wa baƙo. Sabon jerin kuma kada ya zauna a kan stack na aikin da zai dawo kafin kanel ya karɓe shi, ka ajiye shi cikin tsarin buƙatar.

Sai O_DIRECT. Yana son wurin farawa da tsawo su rabu da girman bulo na na'urar, 512 ko 4096, adireshin bafa ma ya daidaita. Bayan ka sami 4095, ci gabanka yana farawa daga 4,294,967,295 da tsawon bayit 1, babu wanda ya daidaita a ciki. Wani kanel ɗin yana duba ƙarshen fayil tukuna ya ba ka sifili, kamar yadda ka gani. Wani yana duba daidaito tukuna ya ba ka -EINVAL. A file-posix.c akwai reshe na musamman saboda wannan: EINVAL bayan guntun karatu da O_DIRECT ana ɗaukarsa ƙarshen fayil. Ni ban son dogaro da wanne zai zo. Tsarin da nake ba da shawara:

Idan `res` ya gaza, ka tara shi a jimla, ka kira fstat. Idan wurin farawa da jimla sun kai `st_size`, ƙarshe ne, ka cike, ba sai ka sake tura komai ba. Wannan reshen ba ya zuwa sau da yawa, kiran fstat ɗin ba zai rage maka gudu ba. Idan ba su kai ba, ka zagaye jimlar ƙasa zuwa girman bulo ka sake tura daga nan, sake karanta 'yan bayit ɗin da ka riga ka samu ba ya cutar da komai. Idan zagayewar ta mayar da kai inda ka fara, wato ba a ci gaba ba, ka ƙirga, bayan 'yan gwaji kaɗan ka mayar da IOERR. Wannan ne zai hana juyawar da ka ce ba ta ƙarewa.

Girman daidaiton kuma kada ka rubuta 512 a shiri. Daga Linux 6.1 statx yana bayar da shi ta STATX_DIOALIGN a tsarin fayilolin da suka goyi baya. Inda babu, ka gwada karatu da 512, in ya ƙi ka hau har 4096, yadda raw_probe_alignment yake yi.

Hajiyar Saba, Ngaundere

Sannunku da aiki. Duk abin da malaman nan biyu suka faɗa haka yake, amma ƙanena, kafin ka taɓa shirin ka sake kallon tsawon fayil ɗinka. 4,294,967,295 GiB 4 ne da aka cire wa bayit ɗaya, kuma shi ne iyakar girman fayil a FAT32. Babu kayan aikin da ke ƙirƙirar faifai da wannan tsawon da gangan. Abin da ke haifar da shi shi ne a kwafi babban fayil zuwa kile na USB da bai taɓa barin FAT32 ɗin da aka sayo shi da shi ba. Linux yana rubutawa har iyakar, rubutu na gaba ya dawo da EFBIG, cp ya ce `File too large` ya tsaya, guntun ya zauna a kilen da sunansa daidai. Wanda ya karɓa a wani gari ba ya ganin saƙon.

Idan haka ne, ba bayit ɗaya ya ɓace maka ba, duk abin da ke bayan GiB 4 ne. Kuma a nan ne cikewa da sifili take da haɗari, domin tana kashe alama ɗaya tilo da ta sa ka lura. Kamar buhun gero ne da aka cika bakinsa da ƙaiƙayi aka ɗinke, daga waje ba ka ganin ragi. QEMU da ka ce bai yi kuka ba, ba wai ya tabbatar da lafiyar fayil ɗin ba ne, raw ba shi da kan bayani da zai faɗi girmansa na asali, tsawon fayil shi ne girman faifai.

Ka duba ta ciki. A mai masauki, `fdisk -l` a kan fayil ɗin zai nuna inda kowane ɓangare ya ƙare, ka gwada da 8,388,608. Idan GPT ne, kwafin kan teburin yana zama a sektar ƙarshe ta faifai, gdisk zai ce bai same shi a inda ya kamata ba. A baƙo, ka nemi `extends beyond EOD, truncated` a dmesg, kuma ext4 zai ƙi hawa da saƙon `bad geometry`. Kada ka bar fsck ya yi gyara a kan wannan kwafin, kada kuma ka yi `truncate -s` ka ƙara masa tsawo don ya hau. Zai iya hawa, amma inode da bulolin da ke can baya duk sifili za su zama.

Wajen ɗauko shi kuma, a mayar da kilen exFAT ko ext4. Idan dole sai FAT32, `split -b 2G` a can, `cat` a nan. `qemu-img convert -c -O qcow2` yana rage girma sosai idan faifan ba a cike yake ba. In ta rezo ne, da yadda yake yankewa a nan arewa da yadda wuta ke ɗaukewa a watannin zafi, `rsync --partial` ko `curl -C -` sun fi scp, domin suna ci gaba daga inda aka tsaya. Yankewar rezo ma tana barin guntun fayil, sai dai tsawonsa ba ya da wata lamba da za ka gane da ido, shi ya sa sha256sum a ɓangarorin biyu ba abin tsallakewa ba ne.

A shirin naka kuwa ina da ƙari a kan tsarin Malam na Njamena. Ka ajiye `st_size` na lokacin buɗewa. Wurin da aka halatta cikewa shi ne daga ƙarshen fayil zuwa ƙarshen wannan sektar, bayit 511 ne mafi yawa. Idan karatu ya dawo da sifili a wurin da yake ƙasa da tsawon da ka ajiye, wani ya rage fayil ɗin a ƙarƙashinka yana kan aiki. Wannan IOERR ne da layi a log, ba sifili ba. Kuma duk fayil na raw da tsawonsa bai rabu da 512 ba, shirin ya faɗa da babbar murya lokacin tashi. Idan bayan faifan LVM ne ko wata na'urar bulo, fstat sifili zai ba ka a `st_size`, sai ka yi amfani da ioctl na BLKGETSIZE64. A can girman kullum cikakkun sektoci ne, babu dalilin cikewa ko kaɗan, guntun karatun da ya ƙare da sifili yana nufin an yi lvreduce ko wani abu makamancinsa.

Ɗan Garwa

Yaya Hajiya, haka ne. Fayil ɗin ta kile ya zo daga Marwa. `fdisk -l` ya nuna ɓangare ɗaya daga sekta 2048 mai tsawon sekta 41,940,992, wato faifan GiB 20 ne. A baƙo kuma ga shi:

`vdb: p1 size 41940992 extends beyond EOD, truncated`
`bad geometry: block count 5242624 exceeds size of device (1048320 blocks)`

Za a sake turo shi a gutsure da sha256sum. Na sa cikewa da duba fstat da gargaɗin lokacin tashi. Saura biyu. Idan nan gaba na ƙara qcow2, dokar bayit 511 tana nan? Kuma guntun rubutu fa, me ake yi da shi?

Injiniya Marwa

Madalla da idon Hajiya.

A qcow2 dokar tana canzawa, domin girman da baƙo ke gani yana cikin kan bayanin fayil, ba ruwansa da tsawon fayil. Wuri biyu ne karatu ke wuce ƙarshe kuma daidai ne. Na farko kulasta, wato yankin da qcow2 ke ajiye bayanai a ciki, da aka matse. Ba ta zama a kan iyakar KiB 64 kamar sauran, ana jera su bayit bayan bayit, shigarwar teburin L2, mai nuna inda kowace kulasta take, kuma tana faɗin tsawonta ne da adadin sektoci na 512. Idan ita ce ta ƙarshe a fayil, karatun da aka zagaye zuwa sekta yana iya leƙawa bayan ƙarshe. Mai buɗe matsi ba ya buƙatar waɗannan bayit ɗin, amma idan ƙasan ya ce kuskure, kulastar gaba ɗaya ta ƙi karantuwa. Shi ya sa `qemu-img convert -c` yake daidaita ƙarshen fayil zuwa sekta idan ya gama, amma kada ka ɗauka kowane fayil da zai zo maka ya bi ta nan.

Na biyu fayil na tushe da ya fi na sama gajarta. Ka ɗauki tushe na GiB 10, ka yi na sama a kansa, ka faɗaɗa shi zuwa GiB 20. Baƙo ya karanta a GiB 15 inda bai taɓa rubutu ba, L2 ta ce babu, a tambayi tushe, tushe kuma ya ƙare tun a 10. Amsa sifili ce, kuma a nan GiB 10 ne cur na sifili halal. QEMU yana yin wannan a sama, cikin bdrv_aligned_preadv na block/io.c: ya karanta abin da ke cikin tushe, ya share ragowar, ba ya ma tura karatun ga kanel. Kai ma ka yi shi a wannan matakin, da lissafi, kada ka jira guntun karatu ya gaya maka.

Abin da ba halal ba shi ne L2 ta nuna kulastar bayanai da ke bayan ƙarshen fayil. Wannan guntulallen qcow2 ne. `qemu-img check` yana kama shi, yana kuka idan abin da aka nuna ya wuce ƙarshe da kulasta ɗaya ko fiye, ƙasa da haka yana ƙyalewa. A shirinka, kulastar da ba a matse ba ta dawo da sifili tun daga bayit na farko, IOERR. Kuma kada `disk size` na `qemu-img info` ya ruɗe ka, wurin da fayil ya ci a faifai ne, ba tsawonsa ba. Ramukan cikin fayil ma ba sa kawo guntun karatu, kanel da kansa yake ba da cikakken sifili a nan.

Rubutu ba a cike shi, ba a kuma cewa an yi. Yawanci wuri ne ya ƙare, ko kason da aka ware (quota), ko iyakar girman fayil. Hanyoyin native da io_uring na QEMU suna mayar da guntun rubutu -ENOSPC, kuma da `werror=enospc`, wanda shi ne na asali, VM yana tsayawa cak har a ƙara wuri a ce `cont`, a sake tura buƙatar. Wannan ya fi a ba baƙo kuskure, domin ext4 ɗinsa zai iya komawa karatu kaɗai. A naka, ka sake tura ragowar sau ɗaya don ka ji ainihin errno, sannan ka yanke. Ka kuma sani rubutu a sektar ƙarshe yana ƙara wa fayil tsawo har ta cika, saboda haka tsawon da ka ajiye ya bi shi. A kan FAT32 wannan bayit ɗin ɗaya ma EFBIG ne. Rubutun da ke ƙara tsawo da O_DIRECT kuma yana iya tsayar da io_submit ya jira, to idan fayil ɗin naka ne kuma ka tabbatar da lafiyarsa, ka daidaita tsawonsa da ftruncate tun a buɗewa.

Gwaji ba ya buƙatar babban fayil:

```
head -c 1000 /dev/urandom > gwaji.img
qemu-img info -f raw gwaji.img
qemu-io -f raw -t none -i native -c 'read -P 0 1000 24' gwaji.img
```

Zai nuna girma 1024, bayit 24 na ƙarshe kuma sifili. Ka maimaita da `-i threads` da `-i io_uring`, sannan ka ba shirinka fayil ɗin, ka karanta daga baƙo da `dd iflag=direct`, ka gwada da na QEMU bayit da bayit. A yanayin gwaji ka cika kowace bafa da 0xAA kafin ka tura, duk inda ka manta cikewa zai fito fili a hexdump. Ka gwada tsawon 1, 511, 512, 513, 4095 da 4097, da buƙatar da ƙarshen fayil ya faɗo daidai kan iyakar iovec biyu, da wadda ya faɗo a tsakiyar na farko alhali akwai na biyu da na uku a baya. Reshen sake turawa kuwa ba zai zo da kansa a ext4 ba, sai ka tilasta shi: a wajen karɓar sakamako ka rage `res` zuwa 512 da gangan a kowace buƙata ta goma, ka shafe ragowar bafar da 0xAA, sannan ka bar fio ya yi aiki a baƙo da `--verify=crc32c` a kan faifan gaba ɗaya.